Yadda Ake Lissafin Gas Ɗin da Murhun Jin Ɗumi Ke Sha a Waje

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama a Birnin Kebbi, Argungu ko Yauri, zaman dare a tsakar gida sai da wuta. Akwai dararen da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, musamman a garuruwan da ke bakin fadama da kogi. A da itace ko karan dawa ake hurawa a kewaye. Yanzu itace ya yi tsada, hayaƙinsa kuma yana damun tsofaffi da masu asma, shi ya sa wasu gidaje da masaukan baƙi da wuraren shan shayi suka koma murhun jin ɗumi mai amfani da gas: kasko ne ko teburi mai zoben wuta a tsakiya, an zuba masa duwatsu a kai.

Kukan da kusan duk wanda ya saye shi ke yi ɗaya ne, wai tukunyar gas ɗin da ke kai uwargida wata guda a kicin, shi ko mako ba ta yi masa. Nan take sai a zargi mai gas da tauye mudu. Wani lokacin haka ne, amma galibi murhun ne ke shan abin da aka ƙera shi ya sha. Sikeli ne kawai zai raba wannan gardama, don girgiza tukunya a saurari motsin ruwan ciki ba awo ba ne.

Kayan aiki

Sikeli mai nuna lamba wanda ke ɗaukar kilo 50, na rataye ko na ɗorawa, wanda ke gane bambancin giram 50 ko aƙalla giram 100. Agogo ko waya. Littafi da biro. Ruwan sabulu mai kumfa a kofi, da soso. Tsohon burushin haƙori da siririyar waya don share ramuka. Doguwar leta. Tsumma busasshe. Sai tukunyar gas ɗin kanta, da regileta, da tiyo, da kilif biyu masu ɗaure bakin tiyon.

Idan babu sikelin lamba, na masu auna nauyin jiki zai yi, sai dai ba ya gane ƙaramin bambanci, don haka za ka tsawaita gwajin zuwa awa biyu ko uku. Idan shi ma babu, ɗauki tukunyar ka kai wa mai sayar da gas ya auna maka kafin gwaji da bayan gwaji, a sikeli ɗaya.

Mataki na 1: Karanta abin da aka rubuta a jikin murhun

Nemi ɗan ƙarfen ko takardar da aka manna a gefe ko a ƙarƙashin murhun. Abu uku kake nema.

Na farko, ƙarfin wutar. Murhun da aka shigo da shi daga Amurka za ka ga lamba da haruffan BTU, yawanci tsakanin 30,000 da 60,000. Wannan shi ne zafin da yake fitarwa cikin awa ɗaya idan an buɗe shi har ƙarshe. Na Turai da wasu na Chaina da kilowat ake rubuta su. Kilowat ɗaya daidai yake da BTU 3,412, wato murhu mai BTU 40,000 kusan kilowat 12 ke nan.

Na biyu, irin gas ɗin da aka yi shi dominsa. Idan ka ga LP ko LPG, na gas ɗin tukunya ne, irin namu. Idan ka ga NG, na gas ɗin bututu ne da ake ja wa gidaje a ƙasashen waje. Wannan kada ka haɗa shi da tukunya ko da wasa, saboda ramin da gas ke bi a cikinsa ya fi faɗi, wuta za ta tashi fiye da kima, ta yi baƙin hayaƙi, ta cinye gas cikin ɗan lokaci. Sai an canza masa ɗan bakin tagullar da wannan ramin ke ciki zuwa na LPG kafin a yi amfani da shi. Masu sayen kayan gwanjo su fi kula da wannan.

Na uku, matsin gas ɗin da yake so. Galibinsu masu ƙaramin matsi ne, tsakanin miliba 28 da 37.

Idan maƙerin gari ne ya haɗa maka murhun, babu rubutun komai, sai ka wuce mataki na 3 kai tsaye.

Mataki na 2: Yi lissafin takarda

Kilo ɗaya na gas ɗin tukunya yana ɗauke da zafin da ya kai kimanin BTU 47,000, ko kusan kilowat 14 na awa ɗaya. Gas iri biyu ake gaurayawa a tukunya, furofen da butan. Furofen ya ɗara butan da kaɗan a kowane kilo, amma bambancin bai kai ya ɓata lissafi ba. Don haka ka raba ƙarfin murhunka da 47,000, abin da ya fito shi ne kilon da yake sha a awa.

Mai BTU 30,000 yana shan kimanin giram 640 a awa, tukunya mai kilo 12.5 za ta kai shi awa 19 da rabi. Mai 40,000 yana shan giram 850, tukunyar ta yi awa 14 da 'yan mintoci sama da rabi. Mai 50,000 ya haura kilo ɗaya a awa, ba zai cika awa 12 ba. Mai 60,000 kuwa ko awa 10 ba zai kai ba. Ƙaramar tukunya mai kilo 6 a kan murhu mai 40,000, awa 7 ce a takarda. Idan da kilowat aka rubuta naka, ka ninka lambar da giram 72.

Ka lura da awannin da ake bugawa a kwalin murhun Amurka. Da tukunyarsu ake lissafin, wadda ke ɗaukar kilo 9 kawai, kuma sau da yawa ba sa faɗa ko a ƙaramar wuta aka gwada ko a babba.

Kwatanta da kicin don ka gane girman abin. Kan murhun girki guda ɗaya, a buɗe sosai, yana shan giram 150 zuwa 200 a awa. Murhun jin ɗumi mai BTU 40,000 kamar ka kunna kawunan girki huɗu ko biyar ne a lokaci guda ka bar su awa uku. To ina mamaki don tukunya ta ƙare cikin kwana biyar?

Mataki na 3: Tabbatar da abin da ke cikin tukunyar

Duba wuyan tukunyar ko mariƙinta, za ka ga haruffan TW da lamba a gefensu. Nauyin tukunyar ke nan ba gas a ciki. Kowace tukunya da nata, ko da girmansu ɗaya, don haka kada ka ɗauki na maƙwabci ka yi aiki da shi. Cire regileta, ɗora tukunyar a sikeli, ka ɗebe lambar TW daga abin da sikelin ya nuna. Idan TW ya ce 13.0, sikeli ya ce 25.5, gas ɗinka kilo 12.5 ne cif. Idan sikeli ya ce 24.3, an tauye maka sama da kilo guda, kuma tun a wurin cikawa ya kamata ka gano haka, kana tsaye ana aunawa.

Akasin haka ma matsala ne, ya ma fi tauyewar haɗari. Ba a cika tukunya maƙil. Ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na cikinta babu ruwa, don gas ɗin ya sami wurin kumbura idan ya ji zafi. A ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, tukunyar da aka danna wa fiye da awonta abin tsoro ce. Kada ka roƙi mai gas ya yi maka gyara.

Ka duba shekarar da aka ƙera tukunyar kuma. Wadda ta haura shekara 15, ko gindinta ya yi tsatsa, ko ta lotsa, a ajiye ta.

Mataki na 4: Nemi yoyo kafin ka kunna

Yoyo ɓarawo ne da ke ɓata lissafi, baya ga haɗarinsa. Haɗa regileta da tiyo, ɗaure kilif a kowane baki, ka bar makunnin murhun a rufe, sannan ka buɗe gas a hankali. Shafa ruwan sabulu a bakin tukunya, da mahaɗin regileta, da duka bakunan tiyo, da jikin tiyon gaba ɗaya. Inda kumfa ke tasowa tana girma, nan ne yoyon. Rufe gas, gyara, ka sake gwadawa. Ba a neman yoyo da ashana.

Tiyon da ke kwana a waje rana da bushewar hunturu suna fasa shi da wuri. Lanƙwasa shi ka duba, idan ka ga ƙananan tsagu a jikinsa, canza shi. Ba a ɗaure shi da robar tayar keke, ba a kuma maye gurbinsa da tiyon ruwa.

Maganar regileta tana da muhimmanci a nan. Murhun Amurka yakan zo da tasa regileta wadda bakinta bai dace da tukunyarmu ba, sai mutum ya je kasuwa ya sayo duk wadda ya samu. Idan ka sa mai babban matsi, irin wadda ake murɗawa ta manyan murhunan suyar ƙosai da tuwon sayarwa, a kan murhun da aka yi don ƙaramin matsi, wuta za ta yi ruri, ta riƙa tsalle daga zoben, gas ya tafi ninkin abin da ya kamata. Sayi mai ƙaramin matsi, sannan ka karanta jikinta, akwai lambar kilon da take iya wucarwa a awa, misali 1.5. Dole wannan lambar ta fi abin da murhunka ke sha.

Mataki na 5: Gwajin awa ɗaya

Wannan shi ne ainihin aikin. Zaɓi daren da iska ta lafa. Ajiye murhun a fili, ƙasa a baje, nesa da zana, rumfar kara, danni, ko tarin buhunan shinkafa da aƙalla taku huɗu, kuma babu reshen bishiya ko rufi a samansa. Tukunyar a tsaye, gefe guda, iyakar tsawon tiyo.

Auna tukunyar ka rubuta. Mayar da regileta. Buɗe gas, kawo wutar letar bakin zoben tukuna, sannan ka murɗa makunnin. Idan bai kama cikin daƙiƙa biyar ba, rufe komai ka jira minti biyar. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, yana kwanciya cikin kaskon tsakanin duwatsu, idan ka sake ƙyastawa nan take zai tashi gaba ɗaya a fuskarka.

Da ya kama, kai makunnin ƙarshe, ka duba agogo. Bayan awa ɗaya daidai, rufe gas daga tukunya, bar wanda ke cikin tiyo ya ƙone, sannan ka rufe makunnin murhu. Cire regileta, share gumin da ke jikin tukunyar da tsumma, ka sake aunawa. Idan ta tashi daga 25.5 zuwa 24.7, giram 800 ke nan a awa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna da regileta da tiyo a jiki a karon farko, a karo na biyu kuma a auna babu su. Yadda ka auna da farko, haka za ka auna daga baya.

Washegari ka maimaita, amma a wutar da kuke zama da ita a zahiri, wadda harshenta bai wuce taƙi ɗaya ba. Yi wa makunnin alama da fenti ko ƙusa a daidai wurin. Wannan lambar ta biyu ita ce za ka riƙa lissafi da ita, don babu mai zama awa uku a gaban wutar da aka buɗe har ƙarshe. Tsakiyar makunni ba lallai ya zama rabin shan gas ba, kowane murhu da halinsa, shi ya sa sai an auna.

Idan abin da ka samu a babbar wuta ya yi kusa da lissafin takarda, murhunka lafiya yake. Idan ya haura sosai, koma kan regileta, da yoyo, da girman ramin gas. Idan ya yi ƙasa sosai, ko dai ramuka sun toshe, ko tukunya ce ta yi sanyi.

Mataki na 6: Mayar da shi lissafin wata

A ce gwajinka ya nuna giram 450 a matsakaiciyar wuta, kuma kuna zama daga bayan Isha'i na tsawon awa uku. Kilo 1.35 ke nan a dare. Tukunya mai 12.5 za ta yi dare tara, wata guda kuma ya ci kilo 40 da rabi, wato tukunya uku da ɗan ɗori. Da a babbar wuta mai giram 850 ake zaman, dare ɗaya zai ci kilo 2.55, tukunya ba za ta cika dare biyar ba, wata ya lashe tukunya shida. Ninka kilon da farashin da ake sayarwa a garinku ranar, don farashin Birnin Kebbi ba lallai ya zama na Zuru ko Kamba ba, kuma yana motsi. Ka ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda dararen iska da ranakun baƙi.

Mai wurin shayi ko masauki ya raba wannan kuɗin da yawan mutanen da ke zama a dare, ya ga ko cinikin da wutar ke jawowa yana biyan gas ɗinta.

Idan wuta ta rage alhali tukunya na da nauyi

Wannan shi ne abin da ya fi rikita masu irin wannan murhun a nan, kuma dalilinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Gas ɗin cikin tukunya ruwa ne. Kafin ya fito a matsayin iska sai ya tafasa, kuma zafin da yake tafasa da shi daga jikin tukunyar yake janyo shi. Idan ana jan gas da yawa, ruwan ciki yana hucewa, tukunya ta yi gumi, ta yi sanyi kamar an ciro ta daga firji, matsin ya faɗi, wuta ta lanƙwashe.

An ƙera waɗannan murhunan ne da furofen a zuciya, shi kuwa furofen yana ci gaba da tafasa har digiri 42 ƙasa da sifiri. Gas ɗin da ake cika mana a Najeriya gauraye ne, kuma sau da yawa butan ya fi yawa a ciki. Butan yana daina tafasa da zarar ya kai kusan sifiri. A daren Janairu da iska ke digiri 14, ratar da ke tsakani kaɗan ce, murhu mai shan kusan kilo a awa zai cinye ta cikin ɗan lokaci. Abin ya fi tsanani idan tukunyar ƙarama ce, ko gas ɗin ya yi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, don furofen ɗin cikin gaurayen shi ke fara fita, ya bar butan a gindi.

Maganinsa: yi amfani da tukunya mai kilo 12.5 ko 25, ka bar mai kilo 3 da mai 6 wa girki. Rage wuta. Idan tukunya ta yi ƙasa, mayar da ita kicin inda ake ja kaɗan-kaɗan, ka kawo cikakkiya waje. Idan dole ne, tsayar da ita cikin baho mai ruwan da hannu ke iya zama a ciki ba tare da jin zafi ba, ruwan ya tsaya a rabin tukunyar. Kada a matsar da ita kusa da wuta, kada a zuba mata tafasasshen ruwa, kada a kwantar da ita ko a kifa ta. Tukunyar da aka kwantar ruwan gas take turowa cikin tiyo, wutar da za ta tashi ba mai iya tare ta. Lulluɓe ta da bargo ma ba ya taimako, hana ta samun ɗumin iska yake yi.

Hanyoyin rage shan gas

Iska ce babbar mai cin gas, duk da cewa ba ta ƙara abin da ke fita daga tiyo. Tana kwashe ɗumin, mutane su ji sanyi, wani ya miƙa hannu ya ƙara wuta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ka ajiye murhun inda katanga ko ɗaki ya tare wannan ɓangaren, a bar sauran ɓangarorin a buɗe. Gilashin kare iska da ake sayarwa tare da wasu murhunan yana aiki. Idan babu, jera bulo a gefen da iska ke shigowa, kada dai ka toshe ramukan shan iska na ƙasan murhun, musamman idan tukunyar a cikin teburin take zama.

Kunna babbar wuta minti goma don duwatsun su ɗauki zafi, sannan ka sauke zuwa alamar da ka yi. Duwatsun dutse mai aman wuta da ake zubawa a kai suna riƙe zafi su riƙa sakinsa. Zuba su iya rufe zoben kawai, idan suka yi tudu suna danne wuta, gas ya taru a ƙasa. Kada ka ɗebo tsakuwar bakin kogi ka zuba, tana riƙe ruwa a ciki, idan ta yi zafi tana fashewa ta yi tsalle. Ko na ainihin ma idan ruwa ya jiƙa su, a fara da ƙaramar wuta kowa na nesa har su bushe.

Kowane mako, murhu a huce, kwashe duwatsun ka share ramukan zoben da burushi, don ƙurar hunturu tana toshe su. Leƙa bututun da iska ke gaurayuwa da gas a ƙasan murhu, nan zanzaro da gizo-gizo ke son yin gida, musamman idan murhun ya yi damina a ajiye. Alamar toshewa ita ce baƙin hayaƙi, da duwatsu masu yin baƙi, da wutar da ke fitowa gefe ɗaya. Harshen wannan murhun rawaya ne tun asali, ba shuɗi irin na girki ba, amma bai kamata ya yi hayaƙi ba. Wajen share ɗan ramin tagullar, kada ka faɗaɗa shi da ƙusa, ƙaramin ƙari a faɗinsa babban ƙari ne a shan gas. Idan an gama zama, a rufe murhun da murfi ko faranti bayan ya huce.

Kujeru su matso a zagaye maimakon a ƙara wuta don na nesa, amma a kula da hannun babbar riga, da mayafi, da hijabin yara, yadin roba yana kamawa cikin ƙiftawar ido.

Duk tsananin sanyi, wannan murhun ba ya shiga ɗaki, ko zaure, ko shago, ko rumfar da aka kewaye da tamfol. Yana cinye iskar numfashi, yana kuma fitar da gubar nan marar wari da launi wadda ke kashe masu kwana da garwashi a ɗaki rufe. Wanda ya fara jin ciwon kai ko jiri a gefen wuta, a kashe ta, a fitar da shi sarari, idan bai warware ba a kai shi asibiti. Idan kuma warin gas aka ji, a rufe daga tukunya, kada a ƙyasta komai, kada a taɓa makunnin lantarki ko a tada janareta a kusa, a jira warin ya baje, sannan a koma mataki na 4 da ruwan sabulu.